Bayan An Rufe Ofishin Ƙofar Rini

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Bayan azahar Barista Gazali ya ce mu shigo ɗakinsa, mu biyar ɗin duka. Bai ce mu zauna ba. Ya karanta mana saƙon daga wayarsa da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa kamar ba mu ji ba. Mutanen Abuja ne, waɗanda tallafin ƙasar waje yake biyowa ta hannunsu kafin ya iso gare mu. Wai su ma umarni aka ba su: a dakatar da komai daga yau. Ba tafiya, ba taro, ba ɗaukar sabon bayani. Za a duba nan da wata uku.

Na ce, "Barista, zaman ashirin ga wata fa?"

Ya ce, "Shamsiyya, komai suka ce."

Shekara biyu ke nan muna ofishin nan na Ƙofar Rini, saman shagon atamfa, muna sauraron mutanen da suka gudo daga ƙauyukan gabas. Wanda 'yan bindiga suka ƙone wa rumbu, wadda 'yan sa-kai suka tafi da mijinta. Mutum sittin da uku na ɗauka da rikodata, kuma kowannensu sai da na kalli idonsa na ce maganarsa ba za ta tafi a banza ba. Zaman ashirin ga Fabrairu shi ne na farko da za a haɗa su da malamai da masu gari a ɗaki ɗaya, a faɗi abin da ya faru a fili.

Na koma teburina na ci gaba da rubuta bayanin da nake kai. Ban san me kuma zan yi da hannuwana ba.

Talata, 28 ga Janairu, da safe

Kowa ya zo ofis kamar kullum. Ba wanda ya tayar da maganar.

Laraba, 29 ga Janairu, bayan la'asar

Inna Balaraba ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Mijinta Maccido ma'aunin hatsi ne a kasuwar garinsu. Sunan garin ba zan rubuta shi a nan ba. Wata ranar kasuwa, shekara biyu da suka wuce, 'yan sa-kai suka shigo da takarda a hannu, suka kira sunan mutum goma sha ɗaya, har da shi, wai su ke kai wa 'yan bindiga rahoto. Suka fita da su ta bayan mahauta. Daga ranar ba wanda ya sake ganinsu. Ita yanzu tana wani kango a Tudun Wada da 'ya'ya huɗu, tana wankau. Ba ta san ko matar aure ce ita ko mijinta ya rasu ba. Ranar da na ɗauki bayaninta ta ce mini, "Malama, ni ba diyya nika biɗa ba. A hwaɗa min in ya mutu, in yi mai takaba."

Sai kuma Mode. A watan Disamba ya hawo benenmu da ƙafarsa, ba wanda ya kira shi. Yana cikin 'yan sa-kan ranar. Ya ce barci ya ƙi masa, yana son ya sauke. Muka kama masa ɗaki a wata unguwa, don in tsoffin abokansa suka ji ya zo wurinmu ba za su bar shi ba. Shi ne zai yi magana ranar ashirin. Inna Balaraba ba ta san sunansa ba. Abin da na faɗa mata kawai, akwai wanda ya sani, kuma zai faɗa a gabanta.

Ni na faɗa mata. Da bakina.

Juma'a, 31 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya

Yau ma ban ɗauka ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da rana

Wani saƙon ya sake zuwa. A tattara kayan aiki a mayar: kwamfutoci, rikoda, babur. Na ce wa Barista muryoyin mutane ne a cikin kwamfutar nan, da sunayensu, da sunayen waɗanda suka ambata. In ta faɗa hannun da bai kamata ba, akwai wanda zai kwana a kabari.

Ya ce ya riga ya yi tunanin haka. Muka kwashe komai a filas biyu na ajiyar bayanai, ya goge kwamfutar ina tsaye a kansa, na sa ya sake gogewa. Ɗaya yana wurinsa. Ɗayan na san inda na ajiye.

Jamila da muke aiki tare ta ce za ta koma koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwarsu. Ba laifinta ba ne, tana da ciki wata bakwai. Asibitin da muke tura matan da suka kasa barci su ga likita, su ma sun rufe ɗakin nasu tun makon jiya. Ashe igiya ɗaya ce ta riƙe mu duka ba mu lura ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan magariba

Na je wurin Mode. Na ga gara ya ji daga bakina. Yana zaune bakin katifa yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Na faɗa masa ba zama, kuma ɗakin ƙarshen makon gobe za a karɓe. Lauyan da za a ɗauko masa daga Kaduna ma babu.

Ya ajiye rediyon. Sannan ya ce, "Malama, kun ce in na yi magana kuna bayana."

Na ce, "Mun ce."

"Tau, yanzu wa ke bayana?"

Na ce ni. Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba. Ya ce, "Ke da jakarki?"

Ban yi masa ƙarya ba. Na ce masa in ya yi magana yanzu, babu tabbacin ba za a kama shi ba, babu tabbacin abokansa ba za su ji ba. Na ce kuma akwai mace a Tudun Wada da take ƙirga kwanaki. Ya ce in ba shi lokaci.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da safe

Na yi wa Baba magana yana shan kunu kafin ya fita kasuwa. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan na Ƙofar Taramniya bai taɓa hana ni aikina ba, sai dai ba ya tambaya. Na ce akwai wani bawan Allah da yake buƙatar wurin kwana na ɗan lokaci, ko a sitonsa na hatsi ne, ya riƙa yi masa gadi.

Ya ce, "Mi yay yi?"

Na ce ba zan iya faɗa ba.

Ya ajiye ludayi. "Shamsiyya, Turawan da sunka sa ku aikin ga sun janye hannunsu. Su da ke da jirgi sun gudu, ke mi kika taƙama da shi? Ni ɗan kasuwa na. Motocina na bin hanyar gabas kowane mako. Ba ni sa kaina cikin abin da ban sani ba."

Ban yi musu ba. Gaskiya ya faɗa. Amma ban haƙura ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu

Inna Balaraba ta kira sau biyar yau. Na kashe ƙarar wayar.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da azahar

An sa kwaɗo a ofis. Mai shagon atamfa ya taya mu sauko da kujeru, yana ta cewa Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Barista ya koma tsohon ofishinsa kusa da kotu, zai ci gaba da shari'o'in filaye. Ya ce duk ranar da na buƙace shi in kira, ba sai da takardar Abuja ba. Na riƙe wannan maganar.

Na biya ta wurin Mode. Ɗakin a buɗe, katifa a naɗe. Maƙwabcinsa ya ce tun shekaranjiya ya fita da jakarsa. Wayarsa a kashe.

Talata, 11 ga Fabrairu

A kashe.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da yamma

A kashe. Na zagaya tashar mota, na tambayi 'yan kamasho ko sun ga mutum mai tabo a haɓa. Wani ya ce masu tabo a haɓa sun fi ɗari a tashar nan. Na dawo a kabu-kabu, kaina kamar zai tsage.

Ba zan zauna in jira wata uku ba. Ko me za a duba a can, ba Inna Balaraba za a duba ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, bayan sallar Juma'a

Ta zo gida.

Ta je ofis ta ga kwaɗo, mai atamfa ya yi mata kwatance, ta tako da ƙafa daga Ƙofar Rini har nan. Na fito na same ta tsaye a zaure, takalminta a hannu. Kunya ta hana ni kallon fuskarta. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na faɗa mata komai: an dakatar da aikin, ba zama, wanda zai yi maganar kuma ban san inda yake ba.

Ta ce, "Shi ya sa ba ki ɗaukar waya."

Na ce, "Shi ya sa, Inna. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na ɗauka ke ma tahiya kinka yi da su."

Muna haka Baba ya dawo daga masallaci. Suka gaisa. Ya ji harshenta ya tambaye ta mutuniyar ina ce. Ni ba ni da ikon faɗa, amma ita tana da shi, ta faɗa. Baba ya tsaya da carbinsa a hannu. Ya ce shekara ashirin yana sayen gero a kasuwar garin nasu kafin hanya ta lalace. Ya ce akwai wani ma'auni dogo, mai yawan barkwanci, da ba ya taɓa danne tiya da babban yatsa, Maccido. Ko yana nan?

Inna Balaraba ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Baba ya dube ni. Ya zauna a kan dakalin zaure, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in akwai baƙuwa mace. Ta ba shi labarin da kanta, daga takardar har bayan mahauta.

Da ta tafi ya ce, "Mutumin da kic ce, na siton. Shi na ya sani?"

Na ce eh.

Ya ce, "Biɗo shi."

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da safe

Ta yaya ake neman wanda ba ya son a gan shi, a garin da kullum motoci ke sauke sababbin baƙi? Na tuna ya taɓa ce mini kafin ya shiga sa-kai lodin albasa yake yi. Yau zan fara da wuraren lodi.

Talata, 18 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na same shi. Kwana uku ina bin motocin albasa. Yana saman wata tirela yana karɓar buhu, ya ɗaure fuska da rawani, amma na gane tafiyarsa. Da ya gan ni ya sauko, ya ja ni gefe bayan wata rumfa.

Ya ce, "Malama, don Allah ki bar ni. Mako guda nika son yi in samu na mota in ƙetare iyaka. An kira ƙanena an tambaye shi ina nike."

Na ce ba zan hana shi tafiya ba. Ba ni da abin hana shi. Na ce awa ɗaya nake roƙo kafin ya tafi, a zauren gidanmu, ba masu gari, ba taro. Ita, da limamin unguwarmu, da Barista ya rubuta.

Ya ce, "In ta tambaye ni ko ni na yi fa?"

Na ce, "Sai ka faɗa mata abin da ka yi."

Ya goge zufa da bakin rawanin. Ya ce, "Kin san ɗiyanta sun san ni? Babban nata, tare munka yi makarantar allo da yayanai na wajen uba."

Ban sani ba. Direban ya fara ƙwala masa kira. Ya ce, "Alhamis, bayan azahar. In ban zo ba, kada ki sake biɗata."

Alhamis ita ce ashirin ga wata. Ban faɗa masa ba. Wataƙila ya sani.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da hantsi

Na kira Barista, ya ce zai ɗage wata shari'a. Baba ya yi wa Liman Auwalu magana da kansa. Na je Tudun Wada na faɗa wa Inna Balaraba, na kuma ce mata yana iya ƙin zuwa. Ta ce, "Ni dai ina zuwa."

Na share zauren sau biyu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, bayan magariba

Ya zo. Ƙarfe uku saura, har Barista ya fara duba agogo.

Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa bakin ƙofa, bai yarda ya hau tabarma ba. Inna Balaraba ta dube shi ta ce, "Mode ɗan gidan Bara'atu." Ya ce, "Ni na, Inna."

Barista ya faɗa masa cewa abin da zai faɗa za a rubuta, kuma za a iya kai shi gaban alƙali. Ya ce ya ji. Liman ya tuna masa Allah. Sannan ya fara.

Ba zan rubuta duka a nan ba. Yana cikin takardar Barista, da sa hannunsa. Ya faɗi wurin: wani kwari yamma da garin, kusa da tsohuwar rijiyar makiyaya. Ya faɗi sunayen goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce shi bai harba ba. Shi da wasu biyu aka ba shebur.

Inna Balaraba ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ranar nan anka yi, ko sun kwana?"

"Ranar nan, Inna. Kahin magariba."

"Ya ce wani abu?"

"Ya roƙa a bari su yi la'asar."

"An bari?"

Mode ya sunkuyar da kai. Baba ya fara salati a hankali.

Ta ce, "An yi musu sallah?"

Ya ce, "Ba a yi ba."

Mai tallan fura ya wuce a waje. Sai ta ce, "Mode, ban yahe ba."

Ya ce, "Ban roƙa ba, Inna. Ban da bakin roƙo."

Ta ce, "Amma na ji. Allah ya ji."

Sai ta juya wurin Liman ta tambaye shi yaushe za ta fara takaba. Liman ya yi gyaran murya. Ya ce a abin da ya karanta, takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta. Tata ta wuce fiye da shekara.

Ta ce, "Ta wuce? Ina wankau tat wuce, ban sani ba?"

A nan ne ta fashe. Na riƙe ta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da na ɗago, Baba ya riga ya fita da Mode ta ƙofar baya.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da safe

Baba ya ce ko takaba ta wuce, gaisuwa ba ta wuce ba. Ya sa an kai tabarmi da buhun gero kangon Tudun Wada. Bayan Juma'a Liman zai je da mutane a yi wa Maccido addu'a. Kwana uku za ta zauna a karɓi gaisuwa, kamar yadda ake yi wa kowa.

Mode ya kwana a sito. Gobe da asuba motar Baba mai zuwa Illela za ta ɗauke shi. Barista ya karɓi lambar wani ɗan'uwan Mode a can, ya ce in kotu ta buƙace shi za a neme shi. Ko zai dawo, Allah ya sani. Takardar dai tana hannu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da yamma

Na wuni a wurin gaisuwa. Mutanen garinsu da ke warwatse a cikin Sakkwato sun yi ta zuwa, wasu daga nesa da ƙafa. Labari ya bazu. Na ga mata suna shigowa suna yi mata gaisuwa, sannan su matso su yi mata raɗa, ita kuma ta gyaɗa kai ko ta riƙe hannunsu. Sunaye suke tambaya. Ta haddace duka goma sha ɗayan daga ji ɗaya.

Na ji tsoro. In labari ya kai nan, zai kai kunnen 'yan sa-kai ma. Na faɗa wa Barista, ya ce ranar Talata zai shigar da takardar tabbatar da rasuwa, gara ta kasance a gaban alƙali kafin wani ya yi tunanin ɓatar da ita. Batun kwarin kuwa, ba mai iya zuwa can yanzu. Hanyar ba ta biyuwa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da rana

Saƙo daga Abuja. Ba dakatarwa ba ce kuma, an soke aikin gaba ɗaya. Sun gode mana.

Na karanta, na ci gaba da tsintar shinkafa.

Asabar, 1 ga Maris, ɗaya ga azumi, ƙarfe goma na safe

Ina kwance aka ce ana sallama. Na fito na sami Inna Balaraba a zaure da mata huɗu. Biyu matan waɗanda Mode ya ambata ne, suna son Barista ya shigar da tasu takardar. Sauran biyun daga wani gari ne dabam, ban taɓa ganinsu ba. Nasu ba 'yan sa-kai ne suka tafi da su ba, 'yan bindiga ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu komai.

Na ce musu ofis ya rufe. Na ce ba ni da rikoda, ba ni da kuɗin motar da muke bayarwa da, ba zan yi musu alkawarin zama ko diyya ba. Na faɗa dalla-dalla don kada wata ta ce ban faɗa ba.

Babbar cikinsu, sunanta Uwani, ta ce, "Mun ji. Kina da kunne dai ko?"

Baba ya leƙo zai fita kasuwa, ya ga zauren cike, ya ce a ɗauko babbar tabarmar ɗakinsa.

Na shigo neman takarda, duk gidan babu sai littafin nan. Na duba, saura shafi kusan arba'in. Nawa ya isa haka. Zan juya shafi in rubuta kwanan wata, Inna Uwani ce za ta fara.